An Rufe Wasanmu Bayan Kwana Tara

New York, Nuwamba 1927

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Ya su Orval?

Kada hankalinki ya tashi, amma an rufe wasanmu na waƙa da rawa bayan kwana tara. Ranar ƙarshe mun fi 'yan kallo yawa. Mista Dellinger, mai wasan, ya tara mu ya ce, "'Yan mata, ku tuɓe takalman, ba naku ba ne."

Lafiyata ƙalau. Na samu aikin waƙa a wani gida da ake sayar da giya a ɓoye. 'Yan sanda sun kai samame makon jiya, amma maigidan ya ce ya daidaita da su. Gobe zan fara.

Kada Baba ya ji. Ki sa ni a addu'a ranar Lahadi.

'Yarki,
Ardella