Takardar Herminia a Ƙofar Hita

Litinin, 7 ga Janairu

Ni Eusebio Tapia, a aji uku na bar sakandare. Da hannuna na buɗe shagon walda a nan Toluca ta ƙasar Meziko, na gina gidan nan bulo bayan bulo, na ɗora tanki a rufi, na kai 'yata jami'a. Ko ƙusa ba wanda ya ba ni. To yau hitar gas da ke ɗumama ruwan wanka ta mutu, ruwa kamar ƙanƙara. Kafin rana ta take zan gyara ta.

Talata, 8 ga Janairu

Ban gyara ba. Na canza tukunyar gas, na hau rufi, tanki cike yake. 'Yar wutar da ke gindin hitar tana kamawa, da na saki maɓalli sai ta mutu. Sau goma sha ɗaya.

Na dafa ruwa a tukunyar da matata Herminia ke dafa wake, na yi wanka da bokiti. Wata biyu ke nan da ta tafi Puebla wurin 'yarmu Araceli. Kuma abin da na faɗa ba ƙarya ba ne. Cewa na yi a gidan nan ni kaɗai na yi komai. Ta ajiye cokali ta ce, "To zauna da komai ɗinka, tsoho." Washegari ta hau mota.

Alhamis, 10 ga Janairu

Nicanor, maƙwabcina da ya tsaya wa Araceli a baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre, ya leƙo ta katanga. "Compadre, akuya ka saya? Wari nake ji." Na ce warin bakinsa ne. Ya ce, "Shekara ashirin, wa ke kunna hitar nan in ta mutu? Ɗauki waya ka kira matarka, kafin mura ta kai ka rami." Na ce ya je ya kula da kajinsa.

Wa ke kunnawa? Ni dai ban taɓa sanin tana mutuwa ba.

Juma'a, 11 ga Janairu

Tari. Gefen Herminia a gado ya fi ruwan sanyi.

Asabar, 12 ga Janairu

Na cire ƙofar hitar gaba ɗaya don in gani da kyau. A bayanta akwai takarda a manne, ta yi ja don zafi. Rubutun Herminia ne, ƙanana, a karkace. Ranaku ne jere tun shekarar da na kafa hitar, duk wata uku: "na zubar da laka," "na goge bakin wuta." A gefe ta rataye tsohon burushin haƙori da siririyar waya. Rana ta ƙarshe a takardar, 5 ga Nuwamba. Ranar da muka yi faɗan ke nan. Wato bayan na faɗi maganar ta fito ta durƙusa nan, da gwiwar nan tata mai ciwo.

Na daɗe zaune a kan bokiti. Ban je shago ba.

Lahadi, 13 ga Janairu

Na kira Herminia. Don hitar ne kawai. Ta ɗauka ta ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa, ruwa ne. Ta yi dariya har da tari. Ta ce in zura siririyar wayar da ta rataye a bakin wutar, in goge da burushi, sannan in danna maɓalli in riƙe har in gama Addu'ar Ubangiji sau biyu. "Sau biyu fa, tsoho, ba irin taka ta gaggawa ba." Na manta tsakiyar addu'ar, ita ta ƙarasa mini ta waya. Na saki. Wuta ta tsaya, shuɗiya.

Ta ce na ci abinci? Na ce na ci. Ta ce ƙarya.

Talata, 15 ga Janairu

Ruwa da zafi har yana tururi. Na sake kira, don in ba da rahoto. Na ce aikin ranar Lahadi nawa ne, dole sunana ya shiga takardar nan: Eusebio Tapia, 13 ga Janairu. Ta ce ai ina da biro. Na ce a'a, takardarta ce, ba na sa hannu a kayan mutane. Ita za ta rubuta, da hannunta, a ƙarƙashin nata.

Ta ce za ta duba motar Asabar. Na ce ban yarda da "duba" ba. A zo a rubuta.