Ƙadangarun Madam Biyu

Ƙanwata Netsai,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ƙafar tata? Yaya mutanen Gutu? Ni lafiya lau nake a Pretoria. Sanyin ɗakina ne kawai, shi ma na saba.

Madam, matar da nake wa aikin gida, ta sayo wa ɗanta jariran ƙadangare biyu, masu gemun nan, ni ke ciyar da su. Gyare suke ci, irin wanda muke tonowa mu soya, amma nasu sai na barbaɗa masa farar hodar ƙarfin ƙashi. Kuma kada ya fi tazarar idanunsu girma, kada su shaƙe. Akwai kabewa yankakkiya, akwai fitila mai ɗumi a kansu. Ki gaya wa Mama, ta yi dariya.

A akwatin gilashi ɗaya aka saka su. Babban ya riƙa haye ƙaramin yana tare fitilar, yana cinye gyaren, har ya gutsure masa wutsiya. Madam ta ce, “Shuvai, raba su mana!” Na ce to, amma ban yi sauri ba. Ranar Talata na binne ƙaramin a bayan gareji.

Kin roƙe ni in kawo ki ki taya ni aiki. Madam ta ga hotonki, ta ce kin fi ni ƙuruciya da ƙarfi. Na ce mata tarin fuka gare ki.

Ki zauna gida ki kula da Mama. Allah ya ba ki naki akwatin.

Yayarki,
Shuvai