Kyanwar Dajin da Ɗalhatu Ya Saya

Zongo, Wagadugu
9 ga Yuli, 2003

Zuwa ga matata Ummu Salma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin tashi lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya Inna da mutanen Kano? Yaya kumburin ƙafar?

Kin san tun da wuta ta cinye rumfata a kasuwar Rood Woko ban sake auna yadi ɗaya ba. To, Allah ya buɗa wata ƙofa. Wani maharbi, Kalla, ya kawo mini kyanwar daji daga fadamun gabas, irin mai ɗige-ɗige, mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa. Masu faransanci suna ce mata sarbal. Na samu wani babban mutum da yake son ya ajiye ta a lambunsa.

Tana cikin keji a bayan ɗakinki. Nononta yana ta zuba, don Kalla ya bar 'ya'yanta biyu a rami, ya ce sun yi ƙanƙanta, ba za su kai gari ba. Ba ta cin nama sai na juya baya.

Ki kula mini da kanki.

Mijinki,
Ɗalhatu

Zongo, 20 ga Agusta, 2003

Ummu Salma, sanyin idona,

Albishir ya iso. Barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana Lailatu, ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya ruwan zafi?

Na karanta roƙonki cewa in miƙa kyanwar ga Zenabu maƙwabciyarmu. Na gane ita ta rubuto miki. Tun da ta fara aiki a asibitin dabbobi take ganin ta fi kowa tausayi. Ta zo har tsakar gida tana haɗa mini Hausa da faransanci, wai irinsu sun yi ƙaranci, wai su ke cinye ɓerayen da ke ɓata wa manoma shinkafa, wai ma'aikatan gandun daji za su iya mayar da ita inda aka kamo ta. Na ce ta faɗa mini abin da zan ciyar da jaririya da shi. Sai ta juya ta fita.

Maganar mayarwa ma ta wuce. Mai lambun nan ya ce yana da jikoki, ba ya son abin da zai yage su. Sai muka ɗaure kyanwar a tabarma, ni da Kalla, na cire mata fiƙoƙi huɗu da awartaki, na datse faratan tun daga tushe. Ba ta yi kuka sosai ba, huci kawai take yi. Bakin ya kumbura, yana wari, amma ina zuba mata ruwan gishiri.

Ki sumbaci Lailatu a madadina.

Naki,
Ɗalhatu

Cissin, 2 ga Disamba, 2003

Matata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yaya 'yata? An ce ta fara wayo.

Na bar Zongo. An rushe layinmu saboda sabon tsarin gari, na kama ɗaki a unguwar Cissin mai famfo a ƙofa.

Mutumin nan ya zo da mota ya duba kyanwar, ya ga ta rame, haɓarta ta karkace, yawu yana dalala. Ya toshe hanci ya koma. Zenabu ta sake zuwa, ta ce ko a haka za ta karɓa ta riƙa ba ta niƙaƙƙen nama har ta mutu don kanta. Kyauta take so. Ni kuwa na riga na ji cewa masu magani suna neman fatar, muddin babu huda a jikinta.

Ranar da zan kwashe kaya na cika duron wankinki da ruwa. Kyanwar ba ta da ƙarfin gudu, da hannu na ɗauko ta. Ta daɗe a cikin ruwan fiye da yadda na zata. Ta kama wuyan hannuna da dasashi tana ta matsawa, ko ƙwarzane babu. Da na fito da ita Zenabu tana tsaye a bakin zaure da kwandon da ta kawo don ɗaukarta. Har yau ba ta amsa sallamata.

Fatar ta sayu, kai da wutsiya ma sun samu mai so. Da kuɗinsu na yi miki atamfar da Bilya direba zai kawo, har da 'yar riga ta Lailatu.

Wasiƙa biyu ke nan na aiko ban ga amsarki ba. An yi arba'in tuntuni, Ummu Salma. Ki faɗa mini ranar da zan tarye ki a tasha, don kada ki zo ba na nan. Kalla ya ga sawun namijin a fadamar, ranar Asabar za mu tafi tare.

Mijinki mai begenki,
Ɗalhatu