Inna, Taubasaina Sun Ɗauka Wasa Nake

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Runjin Sambo lafiya lau. Jikokinki suna gaishe ki, suna nan suna cin tuwo kamar ubansu ɗan kwangila ne.

Na san ba ki yi boko ba, ni ma da na kai aji huɗu ban gama gane kansa ba. Na kuma san babu motar gidan waya da ke zuwa inda kike. Shi ya sa na ba masu jarida wannan takarda, duk mai leƙe ya leƙa. Ƙara na kawo miki, Inna, ƙarar 'ya'yan 'yan'uwanki.

Bayan tafiyarki sojoji sun ce za su koma bariki, kowace jiha ta zaɓi 'yan majalisarta. Ni kuma, ɗanki mai facin taya a Ƙofar Taramniya, sai na tsaya takarar kujerar ƙasarmu, wadda Tungar Faru ke cikinta. Kada ki rufe baki da gefen zane, na san dariya kike. Kowa ma ita ya yi.

Ke dai kin san dalili. Rafin nan ne da ke tsakanin Tunga da hanyar mota, wanda da rani akuya ke tsallakewa, da damina ko raƙumi ba ya gwadawa. Da ciwonki ya tsananta aka aiko mini, na ari a-kori-kura wurin wani direba da nake yi wa faci. Kafin in iso an yi ruwa, rafi ya cika ya batse. Ina wannan ƙetare, kina wancan, an kwantar da ke a kan ƙyauren ɗaki, Ɗanjuma na Kawu Sanda yana tsugune a kanki. Ina hango baƙin zanenki na saƙi. Mota tana bayana tana ƙugi, asibiti yana birni, mu kuwa muna jiran ruwa ya janye. Kafin la'asar na ga Ɗanjuma ya ja zanen ya rufe miki fuska. Ko salatinsu ban ji ba, ƙarar ruwa ta hana.

A waccan shekarar kuwa arzikin man fetur ya sa birni hauka. Siminti a bakin titi yake daskarewa don an rasa abin yi da shi. An yi shataletale a inda ko jaki ba ya juyawa. Ni kaina na yi ciniki, don kowane akawu ya sayi mota amma bai iya kauce wa ƙusa ba. Ina faci ina kallon simintin nan ina auna faɗin rafinmu da ido.

Matsalar ita ce inda kika rene ni. Da Baba ya rasu kika koma da ni gidanku, na tashi cikin 'ya'yan kawunnaina. Gari guda kusan duk taubasaina ne, abokan wasa, waɗanda in sun zage ni sai dai in rama da wadda ta fi. Kin tuna abin da na yi suna a kansa? Kwaikwayon manyan gwamnati. In cusa tsumma a riga in yi tumbi, in hau turmi, in ɗaure fuska in ce gwamnati ta ji kukanku, za a yi muku rijiya, za a yi muku gada. Mutane su yi ta faɗuwa. Ke kuma kina daka kina cewa, ba tare da kin dube ni ba, “Kai wanga yaro, ran da kaz zo da maganar gaskiya, wa za shi yarda da kai?”

To, ranar ta zo.

Jam'iyyar da ta ɗauke ni ita ce wadda ta nema ta rasa. Maƙwabcina Malam Bitrus, malamin makaranta, shi ya cika mini takardu ya kuma koya mini jawabi. Ya ce in sami wuri mai tudu in hau, in ɗaure fuska, in ɗaga murya, in faɗi abin da zan yi wa jama'a. Bawan Allah bai san Tunga ba. Ni da na sani ban lura ba sai da na ji kaina.

Ranar kasuwa na tafi cikin babbar rigar aro. Tun daga bakin gari taubasai suka tare ni da kalangu, suka ɗora ni a jaki ina fuskantar wutsiya. Na haƙura, na ce siyasa ce. Da muka isa gindin farun kasuwa na nemi abin hawa, wani ɗan banza ya mirgino turmi. Na hau. Na ce jama'ar Tungar Faru, in kun zaɓe ni zan yi gada a rafin nan.

Inna, har mahauci sai da ya ajiye wuƙa don kada ya yanke kansa. Ɗanjuma yana riƙe da ciki yana ihu, “Bawanmu ɗan mace, bana ka fi bara iyawa! Ina ka baro tumbin?” Na ƙara ɗaure fuska, dariya ta ƙaru. Na rantse, suka ce har rantsuwar irin ta manya ce. Wata tsohuwa ta ba ni goro ta ce in sake daga farko, ba ta ji ba.

Kuma kin san ba dama in yi fushi. Wanda ya yi fushi da taubashinsa, uwarsa ya kunyata. Haka na sauko ina yaƙe haƙora, zuciyata kamar garwashi.

Abokin takarata ɗan gidan malamai ne a nan birni, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa sai dai bai taɓa ganin Tunga da damina ba. Ya zo da tabarau, ya yi magana a hankali, ya rufe da addu'a. Suka yi tsit suna sauraro, don shi baƙo ne. Ni da na ci ƙasar garin nan da rarrafe, ni ne abin kallo.

Na je wurin Kawu Sanda, tunda da kawu ba a wasa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ni na yarda. To ka hau ka gaya musu mi yas sa.”

Nan kuma na maƙale. Ni ɗanki na fari ne. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ban taɓa kiran naki ba, haka muka yi zamanmu cikin kunya har kika tafi. Yanzu in tsaya tsakanin masu daddawa da masu igiya in baza mutuwarki kamar haja don a ba ni ƙuri'a? Duk da haka na gwada. Kasuwa ta zagayo, na sake hawa turmin, na buɗe baki na ce kun tuna ranar nan. Sai idona ya faɗa kan Ɗanjuma, ya riga ya washe baki yana jira. Wallahi ban san lokacin da na zagaye idanuna da yatsu na shiga kwaikwayon mai tabarau ba. Ba a taɓa yi mini tafi irin na ranar ba.

Aka yi zaɓe, mai tabarau ya lashe. Ƙuri'un da na samu, in aka zuba a hulata, da sauran wurin kai. Ina zaton Kawu ne da 'yan tsofaffin da suka yi kuskure.

Kwanan baya, da rafi ya ɗan janye, Ɗanjuma ya shigo birni ya biyo rumfata da kekensa. Tun daga nesa yake kiran Onarabul mai faci, makanikai suna taya shi. Na cire tayar na tsoma robar ciki a kwanon ruwa ina neman huji. Can ya sassauta murya ya ce, “Wai kai, da gaske kake yi?” Idona yana kan kumfar ruwa. Na ce masa tayarsa ta tsufa kamar mai ita. Ya yi dariya, ya hau ya tafi, bai biya ba.

Abin da ya hana ni sukuni, Inna, matar Ɗanjuma tana da ciki, kuma lissafi ya faɗa watan da ruwa ya fi ƙarfi. Haihuwarta ta baya ma da ƙyar aka sha.

Shi ya sa nake gaya miki a nan, tunda alƙalami bai iya kwaikwayon kowa ba. Da gaske nake. Tun daga turmin farko da gaske nake. Ba rigar majalisa nake so ba, ko Turancinsu ba na ji. So nake kada wani ɗa ya sake tsayawa da mota a bayansa yana kallon uwarsa ta ƙetaren ruwa. Ki yafe mini da na fito da zancenki fili, na nemi wata hanya na rasa.

Na san malamin makarantar Tunga yana karanta musu jarida a gindin faru. In ya kawo nan, ban san ko za su yi dariya ba. In ba su yi ba, da kaka mu ɗunguma mu je gidan mai tabarau mu roƙi gadar. Kawu shi zai yi magana, ni na yi alkawarin cika bakina da goro.

Amma gada ba ta haihuwar bana ba ce. Ɗakin nan da na shafe na sa wa sabon ƙyaure don ki zo ki yi jinya, wanda ba ki taɓa shiga ba, yana nan. Na sa an share shi. Ina so Ɗanjuma ya kawo matarsa tun rafi yana tsallakuwa. In ya ga dama ya zage ni tun daga bakin ƙofa, in dai ya kawo ta.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sauki matar nan lafiya. Ya kuma ba ɗanki fuskar da za a yarda da ita, ko sau ɗaya.

Ni ne ɗanki na fari, wanda kike kira wanga yaro,
Garba