Turawa Uku a Gaban Jallabiyoyina

Laraba da dare, Panyu, ƙasar Sin

Yau ma laoban, wato mai masana'anta, bai taɓa ɗinkin jallabiyoyina ba, ga salla ta matso. Turawa uku na tarar a ofishinsa, ɗan Norwe, ɗan Suwidin, ɗan Denmak, wai ba su san juna ba. To ya aka yi kowa na yarensa amma dariyarsu ɗaya?

Sani tafinta ya ce, "Baba, kakanninsu ɗaya, matuƙa jirgin ruwa. Kamar Kano da Maraɗi ne."

Kullum sai ya nuna min boko. Ai nan hankalina ya tashi! Ni da Alhaji Isufu na Maraɗi haka muke shiga masana'anta kamar ba mu san juna ba, mu kama layi biyu. Waɗannan kuwa layi uku za su kama.

Gobe daga sallar asuba ina bakin ƙofar ofishin, in riga su.