Jan Tsumma a Titin Sofiya

Sofiya, Oktoba 1984

Zuwa ga Yayata Judith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Elias, da yara. In kin je Kurmin Kogi ki gaishe mini da Mama, ki ce mata ɗanta yana raye, sanyi ne dai ya ƙanƙance shi.

Mun iso ƙasar Turawan nan lafiya ni da Tukur na Kudan, ɗan Inna Lantana, wanda aka zaɓo mu tare mu koyi gyaran tarakta. Ɗakinmu ɗaya, amma kowa da masana'antar da aka tura shi, don haka kullum ni kaɗai nake ratsa garin nan. Yaya, na zama kurma da kunnena. Maganarsu kamar ana tauna tsakuwa, rubutunsu kuwa haruffa ne a birkice, ni da na gama firamare ban iya karanta ko sunan titi ba. Abin haushi, in mutum zai ce maka e sai ya girgiza kai, in a'a ne ya gyaɗa. Ranar farko na nuna wa wani dattijo hoton masana'antarmu, na nuna wata motar lantarki mai bin dogo, ya gyaɗa kai, na shiga da murnata. Maƙabarta ta kai ni.

Sai na tuna dabarar Baba in zai shiga kurmi neman zuma, yadda yake ƙulla ciyawa don kada hanya ta ɓace masa. Nan ba ciyawa, shi ya sa na yayyaga jan zanen da kika naɗe mini yaji a ciki, ina ɗaurawa a sandunan fitila da shingayen ƙarfe. Ƙulli ɗaya a yi dama, biyu a yi hagu. Tun daga nan ban sake ɓata ba.

Tukur dai bai ji daɗin abin ba. Ya ja ni bakin famfo, ya saki ruwa, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Ilisha, mutanen nan ba sa son alama. Bari in koya maka haruffan." Shi da yake ya taɓa sakandare, har ya fara cafke yarensu. Na ce masa, "Malam, kai bi boko, ni in bi tsumma, mu ga wanda zai riga isa."

Ubangiji ya tsare ku. Ƙaninki,
Ilisha

Makarfi, Nuwamba 1984

Ƙanena Ilisha,

Na gaishe ka, Mama ma tana gaishe ka. Muna lafiya, in ban da layi. Sabulu layi, madara layi, ga soja tsaye da bulala yana gyara mana sahu kamar awaki.

Ka buɗe kunne, don ba labarin zane ya sa na ɗauki biro ba. Ana ta rage ma'aikata ta ko'ina. Elias ya jiyo a Ikara cewa ku biyun da aka tura, ɗaya kawai za a ɗauka in kun dawo, ɗayan ya koma ga fartanyarsa. Ka san da wannan? Ni na tabbata mutanen Kudan sun riga mu ji, don Inna Lantana ta ga ni a kasuwa ta yi ta washe mini baki, ita da gaisuwarmu ba ta wuce sannu ba. Ruwa ba ya tsami banza.

To me ya dami Tukur da tsummanka? Shi aka yaga wa zane? Mutumin da zai saki famfo kafin ya yi magana, ni ban yarda da shi ba. Kai tun kana yaro wanda duk ya ba ka gyaɗa ya zama ɗan'uwanka. Ka ci abinci da shi in ka ga dama, amma ta ciki na ciki.

Yayarka,
Judith

Sofiya, Janairu 1985

Yaya Judith,

Gaisuwa da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Bakinki ya kama.

Tsummokarana sun fara ɓacewa. Da na ɗauka iska ce, amma iska ba ta san kwance ƙulli ba. Waɗanda suka fi ɓacewa su ne na wani dogon shinge mai sojoji a ƙofa, kuma nan ne mararrabar da ta fi rikita ni. Ranar da na rasa su na yi ta yawo cikin ƙanƙara ina nuna wa mutane hoto, wannan ya girgiza, wancan ya gyaɗa, ni na manta wanne ne wanne. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta kai ni gidan burodi, a zatonta yunwa nake nuna mata. Dokarsu ita ce wanda ya makara sau uku a sa shi a jirgi a mai da shi gida ba takardar shaida. Na riga na ci biyu.

Shekaranjiya na laɓe a bayan rumfar mai jarida. Yaya, da idona na ga Tukur. Ya waiga, ya waiga, ya kwance tsummana ya cusa a aljihu, ya matsa ga na gaba. Raina ya ɓaci har hawaye suka zo mini, don a garin nan duka shi kaɗai ne nake cewa ina kwana ya amsa.

Da na tare shi bai ma yi musu ba. Ya nuna bango da haɓa, ya ce, "Ba a nan ba. Zo mu fita waje in gaya maka." Na ce, "Ba inda za ni. Ka riƙe bayaninka, aikin ne dai ba za ka samu ba." Na raba tukunya da shi. Zanen ya kusa ƙarewa, amma in ya kwance da yamma ina ɗaurawa da safe.

Ki sa ni a addu'a.
Ilisha

Makarfi, Fabrairu 1985

Ilisha,

Ban kai ƙarshen wasiƙarka ba na yafa gyale na hau motar Kudan. Na sami Inna Lantana a masussuka tana sheƙar wake cikin mata, na kuwa zazzage mata tas. Na ce, "Inna, wannan ce tarbiyyar? A bar ɗan mutane ya ɓata a ƙasar da ko ruwa bai iya roƙa ba?" Ta ajiye faifai ta ce, "Ɗiyata, Tukur bai taɓa cin amana ba." Na ce kowace uwa haka take faɗa. Yanzu daga Kudan har Furana ba wanda bai san abin da ya yi ba, in ya dawo ya ga idon da za a dube shi da shi.

Kada ka sassauta. Mama na gaisuwa.
Judith

Kudan, Maris 1985

Zuwa ga Yaya Judith,

Bayan sallama da gaisuwa irin ta girmamawa, ina fata kina lafiya tare da iyali. Ni ne Tukur. Na dawo gida, ba takarda. Na ji kin zo wurin Inna, wannan ya wuce.

Shingen da Ilisha yake ɗaura wa tsumma na barikin soja ne. Tafintan da aka haɗa mu da shi ya tambaye ni tun tuni ko na san mai sa alamu a wurin, ya ce ana neman sa, don sun ɗauka saƙo ne ake bar wa wasu. Ɗakinmu ana sauraronsa, waje kuma Ilisha ya ƙi bi na. Shi ya sa nake bin bayansa ina kwancewa. An kama ni aljihuna cike da su. Na ce nawa ne, al'adar garinmu ce, Allah ya yafe mini ƙaryar. Sun tsare ni kwanaki, suka kai ni filin jirgi ba tare da na gan shi ba.

Babban sojojin ya ce in aka sake ganin ko ƙulli ɗaya, sun san ina da abokin aiki, kuma shi ba jirgi za a sa shi ba. Na baro zanen ya ƙare, amma kin san halin ƙaninki. Tawa wasiƙar ba zai buɗe ba, in ma ta isa. Don Allah ki rubuta masa yau, wasiƙa tana daɗewa a hanya.

Na gode. Naki,
Tukur

Makarfi, Maris 1985

Ilisha ƙanena,

Don girman Allah, don darajar Mama, kada ka sake ɗaura ko zare a garin nan. Gara ka makara su koro ka. Tukur ba maƙiyinka ba ne, ni ce na zuga ka, kuma tun jiya abinci ya ƙi shiga bakina. Ka amsa mini da gaggawa.

Judith

Sofiya, Maris 1985

Yaya Judith,

Gaisuwa da murna! Tun labarin zuwanki Kudan ban sake samun wasiƙarki ba, bari in riga ki da albishir. Tukur ya tafi. An zo an kwashe kayansa, tafinta ya ce laifi ya yi, bai faɗi ko wanne ba. Alhaki dai ba ya barci.

Yau na shiga kanti na nuna jan yadi da yatsa, matar ta girgiza kai, na gane e take nufi. Na yanka shi tsaf. Gobe da safe zan ɗaure hanyar gaba ɗaya, daga ƙofar gida har dogon shingen nan. Ki kwantar da hankalinki, yanzu ba mai kwance mini.

Ki gaishe da Mama.
Ilisha