Lahadi Uku Ban Je Coci Ba

Mamana,

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba? Auta ta daina kukan zuwa makaranta? Ni lafiya lau nake, karatu ma mun gode Allah.

Akwai abin da na ɓoye miki. Lahadi uku ke nan ban je coci ba. Surukar Gwaggo, wadda muke ce wa Kaka, ɓarin jikinta ya shanye, Gwaggo kuma tana aiki ran Lahadi. Ni nake yi mata wanka, in ba ta abinci. Rigar mawaƙan da kika ɗinka mini tana nan a ninke. Na yi kuka, amma kaɗan.

Jiya ina yanke mata farce, ina rera waƙar buɗe sujada, sai ta ce, "Ke 'yar nan, wa ke korar ki? Bi ta a hankali, Ubangiji yana ji." Muka sake ta tare, ƙafarta a cinyata.

Mama, kin ce mu ba Allah komai namu. Ban san har da Lahadina ba. Wannan makon zan sa rigar kafin in ɗauko ruwan wankan Kaka. Kada ki yi fushi idan ta jiƙe.

Ubangiji ya kiyaye ku.

'Yarki